Kayen koyon forex: Janairu zuwa Afrilu 2025

Litinin, 6 ga Janairu

Na sayi kaye da bik biyu, dala tamanin ta gida, wato sefa 400. A nan zan riƙa rubuta duk abin da na yi a wannan harka ta canjin kuɗi ta waya, riba da asara, don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Gyaran salula nake yi a wata 'yar rumfa kusa da Babbar Kasuwar Maradi. Kusan wata uku ke nan samarin fadarmu ba su da hira sai forex. Kafin a sauke shayin farko wani ya zaro waya yana nuna lambobi shuɗɗa, wai ribar jiya ce. Ban taɓa ganin wanda ya nuna jajaye ba, ban kuma ga wanda ya canza babur ba. Duk da haka abin ya shiga raina, don ni canji ba baƙona ba ne. Kawuna, ƙanen innata, ya fi shekara talatin yana canjin naira da sefa a garin nan, a gabansa na koyi ƙirga damin kuɗi da yatsa uku. Na ce tunda sana'ar gidanmu ce ta koma cikin waya, bari in leƙa.

Na sauke manhajar cinikin, MetaTrader 5, na buɗe asusun gwaji da suke kira demo. Sun zuba mini dalar Amurka 10,000 ta bogi. Forfen intanet na wata: jika biyar, wato sefa 5,000.

Laraba, 8 ga Janairu

Kwana biyu ina haddar kalmomi. Ga yadda na fahimce su da bakina.

Kuɗi biyu ake haɗawa, ka sayi ɗaya da ɗaya. Na zaɓi yuro da dalar Amurka, EUR/USD, yau yana wajen 1.03. Dalilina shi ne sefarmu a ɗaure take da yuro tun 1999, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya. Ke nan duk motsin da yuro ya yi a gaban dala, sefar aljihuna ce ta motsa. Na raba 655.957 da 1.03 na samu kusan 637, farashin dala a sefa ke nan.

Pip shi ne taku ɗaya na farashi, lamba ta huɗu bayan ɗigo. Lot shi ne mudun awo: cikakken lot yuro 100,000 ne, kowane pip dala 10. Kashi ɗaya cikin ɗari nasa, 0.01, yuro 1,000 ne, pip ɗinsa santi 10. Akwai tazara tsakanin farashin saye da na sayarwa, nan dillali, wato kamfanin da ka buɗe asusu a wurinsa, yake ci. Sai lebiye, wanda masu Ingilishi ke ce wa lebarej: ka ajiye kaɗan a matsayin jingina, a bar ka ka juya mai yawa. Nawa dillalin har 1:500 yake bayarwa. Sai kuma farashin da kake sakawa ciniki ya rufe kansa in asara ta kai nan. Ni birki na raɗa masa, haka zan riƙa rubutawa.

Juma'a, 10 ga Janairu

Yau na sha kashi, Allah Ya sa kuɗin wasa ne.

Tun Laraba nake cin ƙananan riba, dala 40, dala 90, har kaina ya fara girma. Bayan an sauko daga Juma'a na dawo rumfa, na ga yuro ya yi ƙasa ƙwarai a 'yan makonnin nan, na ce ai dole ya tashi. Na sayi lot biyar, ba birki. Ƙarfe biyu da rabi daidai sai na ga wani jan kyandir, alamar faɗuwar farashi a allo, ya zubo kamar an saki guga a rijiya. Kafin in gama ɗaure murfin wayar wani mai kabu-kabu da ke tsaye yana jira, dala dubu uku da ɗoriya sun tafi.

Da dare na bincika. Ashe Amurka ce ta fitar da rahoton ayyukan yi na wata, wanda ake kira NFP, ƙarfe 8:30 na safe agogon Niyok, wato 2:30 na rana a nan lokacin sanyi. An samu sababbin ayyuka 256,000 a Disamba, fiye da yadda ake zato, sai kowa ya ruga sayen dala, tunda alama ce babban bankinsu ba zai yi gaggawar rage kuɗin ruwa ba. Duniya duka ta san ranar da sa'ar, akwai kalandarsu kyauta a intanet. Ni kaɗai na shiga kasuwa ido rufe.

Lot biyar dala 50 ne a kowane pip. Da 0.01 na saya, da asarar ba ta kai dala 8 ba. Kuskuren hasashe ɗaya ne, mudu ne ya bambanta.

Talata, 14 ga Janairu

Sabon demo, amma na sa dala 100 kacal, daidai abin da zan iya sakawa da gaske. Ciniki biyu, 0.01. Ɗaya ci, ɗaya faɗuwa.

Asabar, 18 ga Janairu

Kasuwar a rufe take Asabar da Lahadi. Na je gaida Kawu, na nuna masa allon wayar. Ya ɗora tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To ɗana, ina kuɗin?" Na ce suna ciki. Ya ce, "Wa ke riƙe da su?" Na ce dillali. "A wace unguwa yake?" Na yi shiru, don takardun dillalin nan wani tsibiri suka ambata wanda sai da na nemo shi a taswira.

Da na yi masa bayanin tazara sai ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ce ai wannan ita ce sana'arsa. Shi bai taɓa zama yana duban ko naira za ta tashi gobe ba. Mai zuwa Jibiya ko Katsina sayayya ya kawo sefa ya karɓi naira, mai dawowa ya kawo naira ya karɓi sefa, shi kuma ya ci 'yar tazarar da ke tsakani, sau hamsin sau ɗari a wuni. Ya ce, "Ni ba na kwana da naira. In magariba ta yi da saura a hannuna, ko ba riba sai na rabu da ita." Ya tuna mini Yunin 2023, da Najeriya ta saki farashin naira, a hukumance dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 cikin 'yan kwanaki, daga nan kuma naira ta yi ta gangarawa. Waɗanda suka tara ta suna jiran ta farfaɗo, wasu har yau ba su dawo kan benci ba. Ya kuma tuna Janairun 1994, da aka wayi gari an karya darajar sefa da rabi, faran ɗin Faransa ɗaya ya koma sefa 100 maimakon 50.

Da zan tafi ya ce, "A wannan abin naka, dillalin ne ɗan canji. Kai ko me kake?" Ban ba shi amsa ba.

Laraba, 22 ga Janairu

Ciniki ɗaya. Wuta ta tafi tun hantsi, caji ya ƙare ciniki na buɗe. Birki ne ya rufe shi, asarar dala 2. Na sayi fawa banki, jika bakwai da rabi.

Alhamis, 30 ga Janairu

Babban bankin Turai ya rage kuɗin ruwa zuwa 2.75 cikin ɗari. Wannan karon na san da zuwansa, na naɗe hannu na yi kallo. Farashi ya yi sama ya yi ƙasa ya dawo kusan inda yake, saboda kowa ya riga ya san za a rage. Abin da kasuwa ta sani tun tuni ba ya girgiza ta, ba-zata ne ke yi.

Jiya kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata. A fada an yi ta gardama ko za a bar sefa. A yanzu dai muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, lissafina na 655.957 yana nan.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Abin kunya, amma na yi alkawarin rubuta komai. Wani yaro a fada ya sa ni cikin wani zaure na waya inda wani "gwani" ke turo sigina: sayi nan, sayar nan. Jika goma a wata. Na biya. Na bi sigina 14 a demo cikin kwana tara: shida sun ci, takwas sun faɗi. Abin da ya ba ni haushi, duk wadda ta faɗi sai a goge saƙon da dare, da safe a turo hoton waɗanda suka ci da hoton mota. Da na turo jerin da na rubuta a kaye, ba a yi minti biyar ba aka fitar da ni. Daga baya na gane yana matsa wa mutane su yi rajista da dillali ta hanyarsa, ana ba shi kamasho a kan kowane cinikin da suka buɗe, su ci ko su faɗi. Shi ma ashe tazara yake ci. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Jika goma sun tafi.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Bayan sallar asuba na tsaya wurin Malam. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya kan canji." Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce asalin canjin kuɗi halal ne in nau'i biyu ne daban, amma da sharaɗin hannu da hannu a majalisi ɗaya, kamar yadda hadisin zinariya da azurfa ya nuna. Sai ya tambaye ni ko in na sayi yuron zan iya cewa a miƙo mini shi. Na ce a'a, bambancin farashi kawai ake biya. Ya girgiza kai. Na faɗa masa akwai kuɗin kwana da ake cira ko a ƙara in ciniki ya kwana, amma akwai asusun da aka cire wannan, suna kiransa na Musulunci. Ya ce wannan ƙofa ɗaya ce aka rufe, saura batun bashin da dillali ke ba ka da sharaɗin a wurinsa za ka yi ciniki yana cin moriya. Ya ce majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta zauna kan cinikin jingina irin wannan a 2006 ta hana shi, ko da yake akwai masu sassautawa in an kauce wa wasu abubuwa. Bai ce mini yi ko bari ba. Ya ce, "Ka dai ji."

Na ji, amma zuciyata ta riga ta yi nisa. Na ce zan gwada da kaɗan, a asusun da ba kuɗin kwana, ba lebiye mai yawa. Na san rabin fatawa na ɗauka.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Lissafin demo na mako biyar: ciniki 41, daga dala 100 zuwa 109. Dokokina: 0.01 kawai, birki pip 20, ba fiye da ciniki biyu a rana, ba ciniki ranar babban rahoto. Na fi ganin motsi mai ma'ana daga ƙarfe tara na safe in Landan ta buɗe, da kuma bayan azahar in Niyok ta shigo.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Na zuba kuɗin gaske. Jika 65 na ba wani mai sayar da USDT, kuɗin intanet da ke daidai da dalar Amurka, dala 100 ta shiga asusu. A farashin ranar bai kamata ya wuce jika 63 ba, sauran ladansa ne. Wani mai cin tazarar ke nan.

Maiɗakina ta tambaye ni nawa na saka. Na ce dala ɗari. Ta ce, "Au, ashe ma abin wasa ne," ta ci gaba da tankaɗe. Ita dalarmu ta gida ta ɗauka, sefa 500. Na gane ta yi kuskuren fahimta, na kuma yi shiru.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Ciniki biyar a mako, asusu dala 104. Hannuna har rawa yake yi a kan santi 80, abin da ban taɓa ji a demo ba. Azumi ya ƙarato.

Alhamis, 6 ga Maris

Sai yau na iya ɗaukar bik.

Ranar Talata da hantsi yuro ya haura wajen 1.05. Wata biyu ina ganin duk lokacin da ya zo nan sai ya koma ƙasa, har na ja layi a wurin. Na ce yau ga banza ta faɗi. Maimakon 0.01 sai na sayar da 0.03, ina sa ran cin riba in yuro ya sauka, wai don in samu na kayan buɗa-baki. Na sa birki pip 20. Da farashi ya matso kusa da birkin, sai na janye shi sama. Ya sake matsowa, na cire shi ɗungurungum. Ina ji ina gani na yi haka, ba mantuwa ba ce. Abin da ke raina shi ne muddin ban rufe ba, ai ban yi asara ba tukuna.

Bayan tarawi ya doshi 1.06. Dala 30 ta nutse. A nan ne shaiɗan ya kawo mini lissafi mai daɗi: in na ƙara sayar da 0.03 a nan, ko rabin hanya ya dawo na fita ba asara. Na ƙara. Yanzu kowane pip santi 60 ne a kan asusun da bai kai dala 75 ba. Daren nan barci rabi da rabi na yi, waya a kan ƙirji. Da sahur maiɗakina ta ce, "Malam, lafiya? Kunun ma ba ka taɓa ba." Na ce ciwon kai ne.

Laraba da safe na buɗe rumfa, na ɓata allon wayar wata hajiya saboda ido ɗaya na kan aiki ɗaya na kan tawa wayar. Sai da na sake mata sabo daga aljihuna, jika tara. Da farashi ya kai 1.0680 na rufe duka da hannuna. Na farko ya ci mini dala 54, na biyu 24. Saura dala 26. Da ban rufe ba, da kafin la'asar dillali ya share sauran, don yuro bai tsaya ba sai da ya kusa 1.08 a ranar.

Dalili kuwa, a Jamus ne jam'iyyun da ke shirin kafa gwamnati bayan zaɓen Fabrairu, su Friedrich Merz, suka sanar ranar Talata da dare cewa za su kafa asusun yuro biliyan 500 na gine-gine, su kuma sassauta dokar cin bashi don kashe kuɗi kan tsaro. Manyan masu kuɗi suka juya zuwa yuro. Ni kuma ina Maradi da layin da na ja da yatsa, ina jiran kasuwar da ake juya dala tiriliyan 7.5 a cikinta kullum, bisa ƙidayar 2022, ta girmama shi.

Ba labarin Jamus ne ya cinye ni ba. Da na bar 0.01 da birkina, dala 2 ce za ta tafi, in sha ruwa lafiya.

Asabar, 8 ga Maris

Na faɗa wa maiɗakina gaskiyar wace dala ce. Ta ajiye ludayi ta dube ni. Ta ce, "Jika sittin da biyar? Ga Salla tafe, yara ba ɗinki?" Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Mun yi yarjejeniya: ba ƙarin ko dala ɗaya, tamu ko tasu, sai da saninta.

Laraba, 12 ga Maris

Ba ciniki. Karatu kawai. Na ci karo da abin da ya kamata in fara gani tun Janairu: a 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, ESMA, ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi. Saboda haka ta taƙaita lebiye zuwa 1:30 a manyan kuɗaɗe, ta kuma tilasta wa dillalai rubuta kason masu asara a tallarsu. Mu da ba mu da mai tsaya mana, mu ake bai wa 1:500 kamar kyauta.

Amurka ta canza agogo ranar Lahadi, yanzu rahoton NFP zai riƙa fitowa 1:30 na rana a nan, lokacin ana haramar masallaci. Ya hutar da ni.

Talata, 25 ga Maris

Goman ƙarshe. Na cire manhajar daga fuskar waya. Aiki ya yi yawa a rumfa, kowa na son gyara kafin Salla. Na mayar da kuɗin allon hajiya, an kai ɗinkin yara.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi Salla lafiya. Jiya wajen tara na dare agogonmu Trump ya sanar da sabon harajin kaya kan kusan duk ƙasashen duniya. Yau dala ta zube, yuro ya tashi daga wajen 1.08 ya wuce 1.10. Na kalla a demo kawai. A fada wani yaro ya ce ya ninka kuɗinsa a dare ɗaya, wasu biyu kuma da suka saba cika baki ba su zo shan shayi ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Yuro ya wuce 1.13. Wani abu da ban taɓa kawowa a rai ba: ban buɗe ciniki ko ɗaya ba tun 5 ga Maris, amma ina ta asara. Asusuna da dala yake. Ranar da na zuba, dala tana wajen sefa 627, yau ta sauko wajen 580. Dala 26 ɗina da ta kai jika 16 da 'yan kai yanzu da ƙyar take jika 15. Ashe tun ranar da na ba da sefa na karɓi dala na shiga ciniki ban sani ba, na kuma kwana da ita wata ɗaya da rabi, abin da Kawu ba ya yi ko dare ɗaya.

Zafi ya tsananta, waya na ɗaukar zafi har ta ƙi caji da rana.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na nemi cire dala 26 ɗin ranar Litinin don in ga ko ƙofar fita na buɗewa. Yau suka iso. Bayan kuɗin turawa da ladan mai USDT, jika 13 da rabi suka shigo hannuna. Na miƙa wa maiɗakina.

Jimillar abin da harkar ta ci daga Janairu: asusu jika 51 da rabi, sigina 10, fawa banki 7 da rabi, allon hajiya 9, forfen wata huɗu 20, kaye da bik dala tamanin. Jika 98 da dala tamanin. Fawa bankin dai yana nan yana amfani.

Asabar, 19 ga Afrilu

Na kai wa Kawu kayen nan ya sa na karanta masa shafin 6 ga Maris. Bai yi dariya ba. Ya ce tunda na iya rubuta lissafi haka, in riƙa zuwa ranar Asabar da safe ina riƙe masa littafi, don idonsa ya fara gajiya da ƙananan lambobi, yawancin masu kawo naira kuma yanzu ta waya suke turowa, shi kuwa ba ya yarda da saƙon shigar kuɗi sai wani ya duba masa. Na amsa.

Shirin wata uku masu zuwa: demo kawai, dala 100, 0.01, ciniki ɗaya a rana tsakanin ƙarfe takwas da goma na safe tunda Landan ta koma agogo ɗaya da namu. Duk ranar da na taɓa birki bayan na saka shi, ƙidaya ta koma farko. Zan koma wurin Malam da takardar sharuɗɗan dillalin a fassare, ya duba batun bashin nan da kyau kafin in sake tunanin kuɗin gaske. Asabar mai zuwa ƙarfe takwas ina bencin Kawu, ya ce in zo da bik nawa.